Hannun Da Yaya Ya Hana Fartanya

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Yaya ya riga ni, shi da kullum yake cewa ni zan fara tafiya, wai bakina ne zai jawo mini. Ya rasu cikin bazarar nan, ana ta kallon gabas ana jiran hadari. Allah ya jiƙansa.

Mutane sun zo, ba laifi. An zo daga Falgore, an zo daga Jajaye, dangin matarsa na Karaye mota guda suka ciko. Tabarmi suka ƙare har sai da aka aro na masallaci. Kowa ya shigo, "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya sa ya huta." Mu ce amin. Amma ni ba kurma ba ce. Da an shafa fatiha sai kawuna su haɗu, murya ta yi ƙasa, kuma ba zancen mamacin ake ba. Zancen ɗansa ake.

Ga abin da ya faru. Mu mata ba ma zuwa makabarta, amma labarin ya riga masu kai gawa dawowa gida. Da aka sa Yaya a kabari, aka jera itace, aka yaɓe da laka, sai aka zo tura ƙasa. A garinmu fartanya hannu-hannu take bi, kowa ya ja ƙasa kaɗan ya miƙa wa na kusa da shi, a raba lada. Wani dattijo ya miƙa wa ɗan mamacin, ɗa namiji tilo da Yaya ya bari. Sai yaron ya mayar da hannuwansa baya. Aka sake miƙa masa, ya ƙi karɓa. Ya durƙusa ya dinga tura ƙasar da tafin hannu, kamar mai tattara hatsi a tabarma.

Wata 'yar Ruwan Bago tana ɓare goro a kusa da ni, ta ce, "Boko ke nan. Uban da ya ƙarar da shanunsa a kanka, ko fartanya ba za ka riƙe masa ba ranar ƙarshe."

Ta kusa da ita ta ce, "Wai kar hannun mai digiri ya yi datti."

Wata ta ce, "Yo ai ƙasar ya damƙa da hannun, wane datti kuma ya rage?"

Na juyo na ce, "Ke, ci goronki. Gaisuwa kika zo ko shari'a?"

Ta koma kan goronta. Amma baki ɗaya na rufe, saura garin yana buɗe. Shi ya sa na ɗauko biro. Ban iya rubutu ba sai da haƙorana suka fara zuba, wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri. Ina so a san waye Yayana, kuma a san dalilin da ɗansa ya ɓoye hannu. Abin duk ɗaya ne.

Yaya manomi ne, irin wanda in ya bi kunya sai ka rantse da zare aka ja ta. Dawarsa ake fara nunawa in baƙo ya zo gari. Kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani abin da ya ƙware a kai kamarsa ba.

Asalin abin tun muna yara ne. Shekarar da aka zo ɗibar yara makarantar boko, babanmu ya ɗaga Yaya ya zura shi cikin rumbu ya rufe, ya ce wa masu ɗiba ɗansa ya tafi kiwo. Aka ɗauki ɗan maƙwabcinmu a madadinsa, yaron da ko awakin gidansu bai iya ƙirgawa ba. Uwarsa ta yi ta kuka kamar an kai shi yanka. Bayan shekaru sai ga shi ya dawo cikin mota, da direba, ya zama babba a wata ma'aikata a Kano. Ranar Yaya yana bakin hanya yana huɗa. Motar ta rage gudu, mutumin ya sauke gilashi ya ce, "Sannu da aiki, abokina!" Ya miƙo masa hannu. Yaya ya dubi nasa hannun, duk laka da kanta, ya goge a riga, ya sake gogewa, kafin ya gama motar ta wuce.

Ba wulaƙanci mutumin ya yi masa ba, sauri yake. Amma Yaya bai warke ba har ya mutu. Yakan ce, "Ni tun ina yaro aka binne ni a rumbu. Sauran duk jiran likkafani ne." In ana hira aka yabi gonarsa sai ya ce, "Jaki ma ya iya ɗaukar kaya." Wata maganarsa kuma, da ya maimaita har yaran gida suka haddace, ita ce, "Biro ba ya sa kanta."

'Ya'ya mata ya yi ta samu, ya aurar da su lafiya. Namijin a ƙarshe ya zo. Tun yana cikin tsumma Yaya ya laƙaba masa Akawu, har sunan yanka ya ɓace. Kuma yana da wata ɗabi'a da yaron. In ya dawo daga gona, kafin ya sha ruwa, sai ya kira shi. "Akawu, kawo hannu." Ya buɗe tafin ya shafa da babban yatsa, a hankali, yadda mai sayen tunkiya yake taɓa bayanta. In ya ji laushi sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Auduga." Yaran gari suna bin iyayensu gona, nasa yana gindin darbejiya da littafi.

Kar wani ya ɗauka mugu ne. Bari in faɗi abin da ya yi mini. Bayan mijina ya rasu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Rogo, na ce zan shiga. 'Ya'yana suka yi dariya har da riƙe ciki. Surukata ta ce, "Inna za ta fito takarar gwamna." Yaya kaɗai ne bai yi dariya ba. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana da kekensa, ya ɗaura tsumma a kariya don kar ƙarfe ya ci ni. Haka ya dinga kai ni yana dawo da ni, tsoho yana tuƙa tsohuwa, yara suna bin mu da ihu. Da malamar ta ce idona ba ya ganin allo, shi ya kai ni Karaye aka yanka mini tabarau. Daga ranar ya koma kirana Malama.

Amma bai taɓa leƙa ajin ba. A waje yake zama, jikin bango, daidai taga, inda zai ji ana ba, bi, bu. Na maza ma akwai, na ce masa, "Yaya, ka shiga mana, ai kujera ba ta cizo."

Ya ce, "Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce, "Ni ɗanya ce?"

Ya ce, "Ke ai ba ice ba ce, ƙaya ce."

Akawu ya yi firamare, ya yi sakandare, ya samu jami'a. Yaro ne mai kai, wannan ba gardama. Shanun Yaya suka dinga tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya, har bijiman huɗa, waɗanda yake yi wa magana kamar mutane. Na ce masa, "Ka bar ko na garma." Ya ce, "Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada." Gonar fadama ma ta bi su. Abin da ya rage ita ce gonar tudu ta hanyar Jajaye, wadda muka gada wurin babanmu, ita take ciyar da gidan.

Abin dariya, sai da yaron ya kusa gamawa sannan Yaya ya tambayi me ake koya masa. Ya ce, "Ilimin noma ne, Baba." Ina wurin. Yaya ya ajiye lomar tuwon da ya ɗauko.

"Noma? Na sayar da shanu ka tafi birni a koya maka noma? Da ka ce mini, ai da kyauta na koya maka."

Yaron ya yi ta bayani, ƙasa kala-kala ce, taki kala-kala ne, iri ana gyara shi, tsutsar masara tana da magani. Yaya bai saurara ba sai da yaron ya ce masu irin karatunsa su ake ɗauka manyan malaman gona, da ofis da mota. Nan fuskar Yaya ta saki. "To. In kana cikin mota kana nuna wa manoma da yatsa, na yarda."

Ya gama. Ya yi bautar ƙasa a can kudu, ya dawo da hotonsa cikin baƙar riga da hula mai faɗi. Yaya ya sa aka yi wa hoton gilashi ya rataye a zaure, daidai inda duk mai sallama zai gani. Sai aka shiga jiran aiki.

Jiran nan shi ya cinye gidan. Kullum da safe matar Yaya za ta hura gawayi a dutsen guga, a goge wa Akawu kaftani, ya sa, ya kafa hula, ya fito ƙofar gida ya zauna a benci. Yaya ya ce ba a san ranar da kira zai zo ba, kar ya tarar da shi cikin tsumma. An je Kano ya fi a ƙirga. A yi layi, a rubuta jarrabawa, a ce ku je za a neme ku. Waɗanda suke da uwa a gindin murhu aka neme su. Namu ba shi da kowa sai uba mai fartanya da gwaggo mai tabarau. Daga baya ya samu koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi a cikin gari, abin da ake ba shi ko sabulun wanke kaftanin ba ya isa. Yaya ya yarda da wannan, tunda alli ne. Aka yi masa aure, ya haihu, har yanzu cikin rumbun ubansa yake ci.

Sa'anninsa fa? Wanda ya tsaya a sakandare ya kama noman rani a bakin dam ɗin Karaye, yau motoci yake lodawa da tumatir. Wani gyaran injin ban-ruwa ya koya a hannun ubangidansa, yanzu layi ake yi masa. Wani rake yake kaiwa har Zariya. In suka wuce a babur sai su ɗaga hannu, "Ranka ya daɗe, mai digiri!" Shi ma ya ɗaga, yana murmushi. Ni na san irin murmushin. Na taɓa ganinsa a fuskar Yaya a bakin hanya, ranar motar nan.

Wata damina, ciwon baya ya kwantar da Yaya, ciyawa ta kama dawa. Yaron bai gaya wa kowa ba, ya cire kaftanin, ya ɗauki fartanyar uban ya tafi gona. Na gan shi da idona a ranar. Yana noma yana waƙa. Wallahi ban taɓa jin muryar yaron nan tana waƙa ba sai ranar.

Da Yaya ya ɗan ji sauƙi ya dogara sanda ya fita majalisa. Wani abokin wasansa, mai baki kamar nawa, ya ce, "Kai, barka! An ce Akawu ya samu aiki."

Yaya ya miƙe zumbur. "A ina?"

"A ma'aikatar ubansa. Ga shi can hanyar Jajaye, an ba shi mota mai ƙota."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wasa ne, irin wanda suke yi tun suna samari. Amma Yaya bai zauna ba. Da sandarsa ya ja jiki har gona, mutane suna biye da shi suna ba shi haƙuri. Ya tarar da yaron a sunkuye. Ya fizge fartanyar ya jefar. Ya kamo hannunsa ya buɗe, ya ga ya yi ja ya ɗuri ruwa. A gaban jama'a ya ce, "Na ƙarar da abin da na mallaka don kar ka zama ni. In ka ƙara riƙe fartanya, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

Yaron ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya bi bayansa suka dawo gida. Washegari aka hura gawayi.

To kun ji. Wannan ce fartanyar da ya ƙi karɓa a makabarta.

Ni kuwa ranar da labarin abin da ya faru a gonar ya zo mini ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Na samu Yaya a zaure ƙarƙashin hoton.

Na ce, "Yaya, ka janye maganar nan."

"Malama, ba ajinku ba ne nan."

"Baba ya sa ka a rumbu yini ɗaya, har yau kana kuka. Kai ka sa naka a kan benci, shekara nawa ke nan? Rumbun ma ya fi, ko ba komai akwai hatsi a ciki."

Ya ce, "Ke da kika yi karatu da furfura, ke ce za ki raina karatu?"

Na ce, "Ban raina ba. Karatu ya sa yau ba mai karanta mini takardar magani, ba mai riƙe mini yatsa a dangwala. Wanda zai tsaga cikin mutum ya je jami'a, ya daɗe ma a can. Wanda zai gina gada mutane su hau, ya je. Amma wa ya ce maka duk wanda ya je sai ya dawo da kujera a manne a gindinsa? Yaron nan noma ya karanto. Ka bar shi ya zuba abin da ya karanto a ƙasa mu gani."

"In ƙasa zai koma, me ya kai shi? Da wanda ya je da wanda bai je ba duk su sunkuya a kunya ɗaya? To shanuna fa? A banza suka tafi?"

A nan na gane. Ba yaron yake karewa ba kaɗai. In Akawu ya riƙe fartanya, to rumbun bai cuci Yaya ba ke nan, kuma kukan da ya yi tun yana yaro ya tashi a banza. Na gane, amma bakina bai tsaya ba. Na ce, "Shanunka sun tafi, kar ka haɗa musu da ɗanka."

Ya nuna mini ƙofa. Daminar nan gaba ɗaya ba mu yi magana ba. In mun haɗu a hanya sai ya kalli sama kamar mai duba hadari. Amma da masara ta nuna, na tashi na ga ɗanya cikin kwando a ƙofar ɗakina, ta farko, kamar kowace shekara. Haka yake. Zai ba ka abin bakinsa, amma ba zai janye abin da bakin ya faɗa ba.

Haka ya ci gaba da noma shi kaɗai da bayan nan nasa, wani lokaci mazan 'ya'yansa su taya shi. Tsoho yana sunkuye a gona, ƙato yana zaune a benci cikin guga. Wanda bai sani ba ya tsine wa yaron. Yakan je bakin gonar ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya, ya ce, "Baba, da an rage tazarar nan." Ko, "Baba, takin nan binne shi ake, ba watsawa ba." Yaya ya ce, "Yauwa, haka nake so, ka dinga nunawa da yatsa." Amma ba ya bin ko ɗaya.

Da ciwon ajali ya zo muka kai shi asibiti. Wata yarinya ce likitar, ba ta kai Akawu shekaru ba, mai hankali, tana ce masa Baba. Duk shigowarta sai ya bi ta da ido, in ta fita ya taɓo ni. "Kin gani, Malama? Kin ga abin da karatu yake yi?" Na ce na gani, kuma gaskiyarsa ne, ba don ita ba da tun ranar farko ya tafi.

Wata rana da hantsi na ga jikin ya yi nisa. Daga ni sai shi sai yaron. Na sunkuya daidai kunnensa.

"Yaya, ba faɗa na zo yi ba. Ka kwance yaron nan. Kalma ɗaya ce. Gida ba shanu, ba fadama, ga jikoki. In ka tafi wa zai noma musu?"

Ya juya kai wajen yaron. Sai ya ce, "Akawu, kawo hannu."

Yaron ya miƙa. Ya shafa tafin da babban yatsa, a hankali, ya sake shafawa. Ya ce, "Auduga." Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne.

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Na ji. Bari dai mu ga damina. In ba su kira ba kafin ruwa, sai mu yi magana."

Bai ga daminar ba.

Ranar sadakar bakwai na sa liman ya zaunar da yaron. Ya yi masa bayani tsaf. Uba ba ya haramta abin da Allah ya halatta, maganar fushi ce, ciyar da iyali wajibi ne, kuma in ya noma ya yi wa uban sadaka, ladan har kabari zai iske shi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Duk na karanta. Jiya ma na tsaya a gaban fartanyar Baba inda take rataye jikin rumbu. Hannun ne ba ya ɗaguwa."

Uwar kuwa tana takaba, kullum cikin kuka. Mazan yayyensa suka fara magana. In ba mai nomawa, a sayar a raba gado, kowa ya huta. Ban ga laifinsu ba sosai, gona ba ta jira. Akwai wani mai kuɗi daga Karaye da ya zo mana gaisuwa har sau biyu, na biyun ta hanyar Jajaye ya biyo, a hankali. In gonar nan ta tafi, gidan Yaya ya watse, ba sai an yi duba ba.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, irin na shuka. Da gari ya waye kowa ya fita. Ni ma na fita. Na shiga gidan Yaya na ɗauko sunguminsa, na ɗebo irin dawa a ƙwarya na dangwarar a gaban yaron, yana kan bencinsa.

"Tashi."

"Gwaggo, kin san..."

"Na sani. Ƙwarya ce wannan, ba ta da ƙota. Cire mini kaftanin nan."

A wurinmu namiji ne yake gaba da sungumi yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Ranar sai aka juya. Tsohuwa da tabarau a gaba tana sara, gwiwa tana ƙara, mai digiri a baya da ƙwarya, matarsa tana biye da shi. Masu wucewa suka tsaya a hanya. Abokin wasan Yaya, mai maganar mota mai ƙota, yana cikinsu. Ya ɗaga murya, "Ikon Allah! Yau ke ce maigidan?"

Na ce, "Da akwai maza a garin ai da ban fito ba. In ka gama kallo ga wani sungumin can."

Sai ya jingine kekensa ya shigo. Shi ma yana da abin da yake cinsa tun ranar majalisar nan, ban tambaye shi ba. Muna cikin sara na ji murya a bayana. "Gwaggo, matso da ramin kaɗan, tazarar ta yi yawa." Na ce, "To, malamin gona." Na matso. Karo na farko ke nan da wani ya bi maganarsa a gonar nan.

Shuka ta fito, layi-layi, kyakkyawa, har mutane suna tsayawa kallo. Amma abin da ya fito da dawa shi ya fito da ciyawa. Noman farko ba aikin ƙwarya ba ne, kuma ba aikin tsohuwa ba ne. Na gwada, kunya ɗaya na yi aka ɗauko ni. Kowa yana fama da tasa gonar, kuɗin 'yan ƙwadago babu.

Makon jiya na je na tarar da shi a tsugune tsakiyar gona. Da hannu yake cirewa. Ɗaya-ɗaya yake tuge ciyawa yana karkaɗe ƙasar saiwar yana jefarwa, tun daga asuba. Inda ya gyara fes, amma bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, gonar kuwa ta miƙe har gindin ɗorawa. Kafin ya kai tsakiya, inda ya fara ya sake rufewa. Ya sani, na sani.

Na ce, "Kawo hannu."

Ya miƙo. Duk ya tsattsage, farce ya cika da ƙasa, gindin yatsu ya yi tauri. Na shafa da babban yatsa. Kanta ce, sosai, irin ta ubansa.

Ya ce, "Ban saɓa masa ba, Gwaggo."

Na saki hannun a hankali, ya koma tugar ciyawarsa.

Yaya, ka kai ni makaranta a bayan kekenka, da abin da ka sa na koya nake rubuta wannan, ba zan yi maka ƙarya a ciki ba. Kai mutumin kirki ne, kuma ka ɗaure ɗanka ka tafi da bakin igiyar. Allah ya yafe maka, ya yafe wa babanmu da ya rufe rumbun, ya yalwata maka inda kake kwance fiye da yadda duniya ta yalwata maka. Ka ce mu ga damina. Ga daminar ta zo, ba su kira ba.

Kullum da safe ina sauko da fartanyarka daga jikin rumbu, in kai ta gona, in ajiye a bakin kunyar da yake tsugune, ƙotar tana kallonsa. Da yamma in koma in ɗauko ta inda na bar ta. Ciyawa ta kusa kai dawar tsawo. Gobe ma zan kai.